Na daɗe ina yi wa Allah alkawarin da ba zan iya cikawa ba

Ƙannena cikin Almasihu, bari in ba ku labarin wautata ko wani zai tsira.

Ni matsalata zuciya ce, saurin fushi. Lokacin ina shugaban zumuntar matasa kowa kallon dutse yake min, ni ke buɗe taro da addu'a ni ke rufewa, in wani ya kauce ni ake turawa in yi masa faɗa, amma a gida ƙannena da sun ji motsina kowa sai ya kama gabansa. Duk ranar da na fashe sai in durƙusa da dare in ce Ubangiji daga yau an gama, har da azumi nake haɗawa, kwana uku ba ya cika na koma gidan jiya.

A wajen koyon waƙa asirina ya tonu. Wani yaro ya ɓata baiti sau biyu, na fizge takardar daga hannunsa na wanke shi tas a gaban kowa. Bai ce uffan ba, leɓensa kawai ke rawa, ya ɗau jakarsa ya fita.

Wani dattijon ikilisiya ya kira ni gefe, na fara zuba masa alkawura kamar yadda na saba, sai ya ce, "Ɗana, kullum kai ke faɗa wa Allah abin da za ka yi. Ka taɓa ce masa ba ka iyawa?" Raina ya ɓaci fa, don gaskiya ban taɓa ba.

Ya sa na karanta Luka 22. Bitrus ya bugi ƙirji ya ce ko kurkuku ko mutuwa yana tare da Yesu, kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku, kuma wata baranya ce ma ta fara kayar da shi, ba soja ba. Na ga kaina tsaf. Sai 2 Korintiyawa 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ga Gidiyon kuma a Mahukunta 7, mutum 32,000 Allah ya rage su zuwa 300, don kada Isra'ila su ce ƙarfinsu ne ya cece su.

Amma ku kula, kar wani ya ce ai ni mai rauni ne ya miƙe ƙafa cikin zunubi, wannan rainin wayo ne. Abin da nake cewa, ku daina wasan jarumta. Ku nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah, wanda bakinsa ba ya yoyo, ku faɗa masa ainihin inda kuke faɗuwa ya riƙa yi muku addu'a, Yakubu 5:16 ke nan. Kuma ku nemi taimako tun abin yana tasowa a ƙirji, ba sai an yi ɓarna ba.

Yaron nan sai da na yi sati biyu ina kewaye-kewaye kafin na je gidansu. Ya ce ya yafe, amma ƙungiyar mawaƙa dai bai ƙara dawowa ba.