Tukunyar da aka yaba aka ajiye a bayan ɗaki

Shagon walda gare ni a Birnin Kebbi, ni da yara 5. Da ƙofofi da tagogi muka fara, amma tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a garin nan a watan Nuwamban 2015, aikinmu ya karkata wajen shinkafa. Fadamu suka cika daga Argungu har Suru. Manyan injina irin na Labana da Wacot suna kwasar rabonsu, sauran kuma ya shiga gidaje, hannun matan da ke turara shinkafa, su kai injin unguwa a casa, su sayar da kwano. Waɗannan matan na zauna na ƙera wa tukunya.

Dabarar ba tawa ba ce, an daɗe da saninta. Idan aka jiƙa shanshera cikin ruwan zafi ta kwana, ba dafuwa take so ba, tururi take so. Sai a sa faifan ƙarfe mai huji-huji a cikin tukunya, ruwa yana ƙasa, shinkafa tana sama, a rufe har ɓawon ya fara tsagewa. Ta ƙasa ba ta caɓewa, ba ta ƙonewa, kuma idan an shanya ta yadda ya kamata ba ta kakkaryewa a inji. Na yi tawa babba, mai cin buhu guda, da ƙarfe mai kauri don ta yi ƙarko.

Guda 10 na fara yi, na raba su kyauta. Bayan wata ɗaya na bi gidajen, ina tsayawa a zaure, maigida ya shiga ya fito, ko matar ta yi magana ta bayan labule. Tambayata ɗaya ce: ya aka ga tukunya? Amsa ma ɗaya ce: madalla, Allah Ya yi albarka, Allah Ya ƙara buɗi. Na dawo shago na sayi faranti na yanka wasu 30. Suka zauna a gaban shago har damina ta sauka a kansu.

A Zauro na gane inda gizo ke saƙa. Wata dattijuwa, wadda shekarunta sun wuce a yi mata kulle, ta ce in shigo. Na same ta tana turare da tsohon rabin duro ɗinta, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Tukunyata kuwa tana bayan ɗaki, cike da dussar awaki, an kifa mata faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya, me ya hana ki aiki da ita?”

Ta daɗe tana gyara wuta kafin ta ce, “Ɗana, wagga tukunya taka ta maza ce. In ta cika wa zai sauke mini ita? Kuma kai ka ba ni, ya zan dube ka in ce ba ta yi ba?”

Maganarta ta biyu ta fi tsaya mini a rai. Ba ƙarya matan nan suka yi mini ba. Kara suka yi mini, kuma da ita aka raine mu duka. Wanda ya tako har ƙofarka da kyauta ba ka kushe masa ita. Ni na ɗaure musu baki, sannan na ce su yi magana.

Daga ranar na daina bayarwa kyauta. Ko rabin kuɗi ne sai an biya, ko a karɓa aro na mako 2 da sharaɗin in ba ta yi ba a dawo da ita ba jin kunya. Wadda ta fitar da kuɗinta tana da bakin ƙorafi, kuma ƙorafin nake nema.

Na kuma daina zuwa da kaina a karon farko. Ƙanwata ke shiga, ita ce ke iya zama a kan tabarma har cikin madafa, ba ta kuma cewa yayanta ne ya ƙera. Cewa take yi an aiko ta ta ga yadda ake aiki, kuma gaskiya ne. Mun yi yarjejeniya da ita, kada ta taɓa tambayar “kina son ta?” ko “za ki saya?” Kowa zai ce in Allah Ya yarda, kuma ba ka da abin riƙewa a ciki. Abin da ya riga ya faru take tambaya. Yaushe kika yi turare na ƙarshe? Kwano nawa kika jiƙa? Da me kika hura wuta? Wa ya taya ki juyewa? Abin da mace ta yi shekaranjiya da hannunta ba ta buƙatar ta yi wa kowa kara a kansa, labari ne kawai take bayarwa.

Mafi wuya shi ne yin shiru. Mai ƙira yana jin an taɓa aikinsa sai bakinsa ya yi ƙaiƙayi, ya fara bayanin cewa ai ba haka ake riƙewa ba. Da ka yi haka an gama, za ta ce “to, na gane,” ba za ka ƙara jin komai ba. Ni yanzu in na samu shiga, gefe nake zama in zuba ido. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ga mace ta naɗe hannu da gefen zaninta kafin ta kama marikin, ba ta ce yana ƙuna ba, amma na gani.

Abubuwan da muka tattaro ba ɗaya da na taɓa kawowa a raina ina cikin shago. Yawancinsu ba su da jarin buhu, rabi suke saye ko ƙasa da haka, sai sun sayar su sake saro wata. Itace ya yi tsada, da ɓuntu da kara suke haɗawa, wutarsu kuwa ba ta ratsa ƙarfe mai kauri da wuri, sai ta cinye musu makamashi kafin ruwa ya tafasa. Hujin faifan ya yi faɗi, siririyar shinkafa tana zubewa cikin ruwa. Wata a Ambursa ta ce murfin ya fi ƙarfin jikarta, yarinyar da ke taya ta aiki.

Muka rage tukunyar ta koma ta rabin buhu, muka sa ƙarfe mara kauri a gindi, muka tsuke hujin, muka naɗa katako a mariki. Faifan muka yi masa hannu biyu yadda za a ɗaga shi da shinkafar a kai, a bar ruwan zafin a kan murhu. Wannan ta fita, har daga Jega da Kamba ana aiko da saƙo.

Makon jiya na koma Zauro da sabuwar, na ce wa Inna aro ce, kuma kushe nake so. Ta ɗaga faifan da hannu ɗaya, ta juya shi, ta shafa bakinsa da yatsa. “Nan wurin yana da kaifi,” in ji ta, “zai yanki yaro.” Na rubuta a bayan takardar siminti, gobe da safe za mu lanƙwasa bakin duk waɗanda ke shago kafin a fitar da ko ɗaya.