Ɗari biyu a goshi

Asabar da daddare. Sha biyu ta gota, wuta ba ta dawo ba, cajin wayata saura 31. Na kwanta na tashi har sau biyu. Bari in rubuta ko barcin zai zo.

Da safe ba labari. Wanki, sai na kai Umma gidan suna Gyaɗi-Gyaɗi, na dawo na tarar Ummi ta cinye min ƙosai ta bar min takardar.

Bayan la'asar muka haɗu a soron su Nura don wasanmu na Dungeons & Dragons, wanda kowa ke zama wani jarumi a cikin labari, ana jefa 'ya'yan lido a ga abin da zai faru. Mu biyar ne yau, Khalifa ya tafi ɗaurin aure Wudil. Nura ya shimfiɗa kwalin nan da ya zana wa gidaje da maka, aka jera marafan lemo a matsayinmu, abokan gaba kuma ƙwallayen dabino. 'Ya'yan lidon har yanzu saiti ɗaya ne muke karɓa-karɓa, wanda Yaya Kabiru ya taho da shi daga Malesiya. Mai fuska ashirin ɗin lambobinsa sun fara gogewa, 6 da 9 sai an kai bakin ƙofa an duba a haske. Baffan Nura ya leƙo, ya sake tambayarmu, karo na nawa ke nan, wai mun tabbata wannan abin ba caca ba ce? Nura ya ce, "Baffa, ko sisi ba a sawa." Ku riƙe maganar ko sisin nan.

Tanko, wanda nake zama a wasan, ya kai mataki na uku tun makon jiya. Jini 21, ƙarfi 8, kwarjini 16. Wato in aka zo sara da suka ba ya cikin lissafi, aikinsa duk a baki yake. Mun sha gardama a kan yadda za a kira irinsa da Hausa, wanda littafin wasan ke ce wa bard. Ni na ce mawaƙi. Nura, da yake ya haddace littafin Dungeons & Dragons kamar zai yi jarrabawa a kai (shi ne mai tuna mana cewa a 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka, mu kuma bugu na biyar na 2014 muke bi), ya ce ai daga tsofaffin mawaƙan Ailan da Wels da Sikotilan aka ɗauko shi, masu riƙe tarihin gidajen sarauta, su yabi mai kyauta, su yi wa marowaci zambon da zai hana shi shiga mutane. Sadiq ya ce, "To me ya rage? Maroƙi ne." Aka yi dariya, aka bar shi a mawaƙi saboda takardata ce. A lokacin ban ɗauke ta komai ba.

Dokar ta ba Tanko dama sau uku kafin dogon hutu ya zuga ɗan'uwansa, in dai yana jin muryarsa kuma bai fi nisan ƙafa 60 ba. Wanda aka zuga sai a miƙa masa ɗan lido mai fuska shida ya riƙe. In ya kai hari ya ga lambarsa ta gaza, sai ya jefa wannan ya ƙara a kai. Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya san dokar nan tun kafin Turawa su rubuta ta. Ɗan dambe na tsaye jiki a sanyaye, makaɗi ya saki takensa, sai ka ga tsuma ta kama shi. Abin da Ɗan Anace ya yi ta yi wa Shago ke nan. Zambo kuwa ba shi da adadi, ko sau nawa ne. In wanda aka yi wa ya kasa daurewa, a jefa mai fuska huɗu a rage masa jini, sannan harinsa na gaba sai ya jefa sau biyu a ɗauki ƙaramar lamba. Eh, a wasan nan baƙar magana tana kisa. Wannan kam ba mu ga abin mamaki a ciki ba.

Sai dai Madugu, wato Nura mai jan ragamar labarin, yana da tasa dokar da ba ta cikin littafi: ba a yarda ka ce "na yi masa zambo" ka jefa ba. Sai ka faɗa da bakinka kowa ya ji.

Yau ayarinmu ya shiga mashigin dutse, mutanen kura suka tare mu, su takwas da shugabansu. Da farko daɗi. Na ce wa ɗaya, "Ga tsoro ga ban tsoro, ƙugu a ƙasa kamar mai gudun bashi!" Ta kasa daurewa, aka rage mata uku, Abba ya kusa shaƙewa da gurasa. Daga nan abubuwa suka lalace. Mai siddabarun Abba (har yau ya ƙi a ce boka) ya ƙarar da duk abin da ke aljihunsa. Yariman Sadiq ya faɗi, jini sifili, Sadiq ya jingina da bango ya zama ɗan kallo. Saura Gagarau na Mubarak da jini 4, gaba da gaba da shugaban kurayen, ni kuma zuga ɗaya ta rage min.

Nura ya ce, "Tanko, kai ne."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji murya tana fita.

"Gagarau na Tanko! Gatari ba ka tambayar sunan itace! Rijiya gaba dubu, mai leƙa ka ya riƙe hularsa! Hadarin gabas, tashin hankalin mai ɗakin kara! Ranar da aka haife ka maƙera ba su runtsa ba! Kai ka ci bashin kura, yau ta zo karɓa, biya ta da ƙarfe!"

Akwai sauran da ban iya tunawa ba, don ya fi haka tsawo. Mubarak ya cire hula ya ajiye. Ya murza mai fuska ashirin a tafin hannu ya sake shi a kan kwali. Bakwai. Da ƙarinsa biyar, sha biyu. Soron ya yi tsit. Na miƙa masa mai fuska shida, ya hura masa iska, ya jefa, ya gangara ya daki marfin lemona ya tsaya. Huɗu. Nura ya leƙa bayan littafin da yake karewa da shi, ya ja lokaci da gangan, sannan ya ce, "Sha biyar ake nema. Ya shiga." Ihun da muka yi sai da aka aiko yaro daga cikin gida.

A cikin ihun ne Sadiq ya taso, ya zaro naira 200, ya manna min a goshi. Gumi ya riƙe ta. Ya ce, "Allah ya ja kwana, Sarkin Roƙo! Kai wannan gado ne, ba karambani ba."

Kowa ya fashe. Ni ma na yi dariya. Sai da na kai hannu zan cire kuɗin na lura da robar zoɓo a hammatata ta hagu, na matse ta da damtse, biro a hannun dama. Ashe da su nake ta kiɗa tun da na miƙe.

Da aka kira magariba muka fita bakin famfo. Na tsuguna kusa da shi.

"Sadiq, me ka ce ɗazu?"

"Me na ce?"

"Maganar gado."

Ya tsaya da buta a hannu. "Haba malam, magana ce fa kawai, kowa na faɗa. Ko akwai wani abu ne?"

"Ba komai."

"To. Amma wallahi ka iya. Har tsigar jikina ta tashi."

Ya yi alwalarsa ya wuce. Ni kuwa tun daga nan nake juya "ko akwai wani abu ne" ɗin. Na juya ta hagu, na juya ta dama. In da gaske bai sani ba, tambaya ce ta abokin kirki. In ya sani, to wannan ita ce zambon da ta fi duk wadda na yi yau, kuma ba ta buƙaci ɗan lido ba. Kakarsa a Fagge take, lungu biyu tsakaninta da Gwaggo. Tsofaffin Fagge kuwa ba sa mantuwa.

Ban taɓa rubuta wannan a nan ba. Kakanmu na wajen uba makaɗin mahauta ne. Kalangu. Ya rasu kafin a haife ni, kuma a gidanmu in maganarsa ta taso sai Baba ya ce, "Harkar kasuwa ya yi," ya ɗauko wani zancen. Baba shekara 35 yana koyarwa, kowa a unguwa Malam yake ce masa, kuma ya sha wahala kafin sunan ya zauna. Ina aji uku a firamare ya tarar da ni ina kaɗa bokiti a tsakar gida. Bai dake ni ba. Ya karɓe bokitin ya kife, ya ce, "Ba a gidana ba." Na ɗauka hayaniya ce ba ya so.

Ina da shekara 14 na je hutu wajen Gwaggo, ta ce in ciro mata tabarma a ƙarƙashin gado, na jawo wani buhu. Kangon ya yi baƙi da maiƙon hannu, tsakiyarsa a tsuke, tsarkiyoyin sun bushe wasu sun tsinke, fatar gefe ɗaya ta yage kamar bakin tsohon takalmi, ɗaya gefen kuwa lafiya lau. Makaɗin mai lanƙwasa na ɗaure a jiki da tsumma. Na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa a hankali. Gwaggo ta ce, "Mayar. Kuma kada ka gaya wa ubanka ka gani." Da dare ita da kanta ta ɗauko zancen. Ta ce kowane mahauci da takensa, in aka ji kiɗa an san wa ya yanka sa, mata su fara shirya kwano. Ta ce gidansu bai taɓa rasa nama ba, amma a makarantar allo 'yar maroƙa ake ce mata. Ta ce shi har ya rasu yana faɗa a kan cewa shi makaɗi ne ba maroƙi ba, mutane kuwa ba ruwansu, duk kwano ɗaya suke zuba su.

Har yau ɗin haka ne. Baban Sadiq ba ya tuƙi sai da Shata a mota, kuma shi ne mai tuna wa mutane cewa har digirin girmamawa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi. Amma je ka ce ɗan makaɗi na neman 'yarsa Aisha ka ga yadda fuska za ta canza. Muna son waƙar, muna liƙi, muna so a ambaci sunan kakanninmu a gaban jama'a, sannan mai ambaton ya tsaya daga bakin zaure. Ni ma nan in kawunnan Zainab suka fara bincike bayan salla, ban san wa za su tambaya a Fagge ba. Wannan ma ban so na tuna da shi da daren nan ba.

Amma duk ba shi ne ya hana ni barci ba. Da haushin Sadiq ne da tuni na yi masa saƙo mun wanke. Abin shi ne na ji daɗi. Lokacin da nake tsaye ina zuba kirarin nan, ban taɓa jin wani abu ya zo min da sauƙi haka ba. Ba karatu ba, ba ƙwallo ba, ba aikin shago ba. Kalma na turo 'yar'uwarta, ina ganin kafaɗar Mubarak tana tashi, na san daidai inda zan ja da inda zan saki, kuma ba wanda ya koya min. Da takardar kuɗin ta taɓa goshina, kafin kunyar ta iso, akwai daƙiƙa guda da raina ya yi fari ƙal. Wannan daƙiƙar ce ta zauna min a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba.

Ɗazu na haska takardar Tanko da waya. Doka ta ce mawaƙi ya zaɓi kayan kiɗa uku. Na rubuta gurmi, sarewa, algaita. Na tuna ranar Nura ya ce, "Sa kalangu mana, ya fi dacewa da shi." Na ce ya yi nauyi a tafiya. Mutumin da ke ɗauke da igiya ƙafa hamsin da tukunya da bargo.

Bayan isha ba mu yi nisa ba. An ɗaure wa Yarima rauni, an raba ganima, Abba da Mubarak suka yi ta musu a kan wani zobe. Sauro ya kore mu.

Na so in mayar wa Sadiq kuɗinsa, ya riga ya hau mashin. A Kabuga ɗan adaidaita ya ce ba shi da canjin dubu, na laluba aljihu, ita kaɗai ce. Na miƙa masa. Har yanzu da ɗan danshinta.

Na tarar Baba a tsakar gida da rediyo a kan ciki. Ya ce, "An dawo daga wasan yaran?" Na ce eh. Ya ce muryata ta dushe, ko mura ce? Na ce ƙura ce. Umma ta ce in sha citta.

Sha ɗaya da rabi saƙon Sadiq ya shigo WhatsApp: "Mutumina, don Allah ka sake yin kirarin nan ka turo min da murya. Amma ka sa sunana maimakon Gagarau." Da 'yar fuskar dariya guda uku.

Na buɗe, ya ga na buɗe. Caji saura 12.