Farantin Picasso guda biyu da suka ratsa hannuna

Aikina a nan kudancin Faransa kwashe kayan gida ne, in tsoho ya rasu ko iyali za su tashi sai a kira mu mu share gidan, abin da ya yi saura mu kai kasuwar gwanjo. A haka na fara jin labarin farantan Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Spain, don garin Vallauris kusa da mu yake, gefen Cannes. A 1946 Picasso ya je garin ya haɗu da Suzanne da Georges Ramié masu gidan ginin tukwane na Madoura, a 1947 ya dawo ya kama aikin yumɓu gadan-gadan, daga baya ya yarda su riƙa fitar da wasu ayyukan nasa da yawa, wani guda 25 kacal wani har 500. An yi ta yi har 1971, iri 633 gaba ɗaya.

Na farkon a kasuwar Lahadi na gan shi, fari da hoton mujiya, na juya bayansa sai ga tambari "Madoura Plein Feu" da "Edition Picasso". Wallahi gabana sai da ya faɗi. Mai kayan ya ce na kakarsa ne, ban tsaya dogon bincike ba na ƙirga masa Yuro 900, kuɗin da nake tarawa zan tura gida.

Na kai wa wata dattijuwa da ke duba kaya a wani gidan gwanjo, ko tambarin bata fara kallo ba, ma'auni ta ɗauko ta gwada faɗinsa sannan ta buɗe kundin Alain Ramié, ɗan masu Madoura ɗin, wanda ya fito a 1988. Duk wani dillalin kirki da shi yake aiki, kowane faranti da lambarsa da ake rubutawa A.R. kaza (haruffan farko na sunan Alain Ramié), da shekara da girma da adadin da aka yi da kalolinsa. Nawa ya gaza da kusan santimita biyu. Ta ce ka ga matsalar, masu jabu na asalin suke samu su kwafi siffarsa su zuba sabon yumɓu, shi kuma yumɓu in ya bushe aka gasa dole ya tsuke, to kwafin sai ya fito ƙarami, har tambarin ma ya biyo amma a dushe kamar an shafe shi da yatsa. Na gaskiya ana danna shi ne tun yumɓun na ɗanye, gefensa a fili tsaf. Na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba, mutumin kuma ban sake ganinsa ba.

Tun daga nan na daina yarda da tambari shi kaɗai. Na kuma gane tamburan ma ba ɗaya ba ne, "Empreinte Originale de Picasso" na nufin shi da hannunsa ya sassaƙa zanen a jikin mazubin da aka danna yumɓun, "Edition Picasso" kuma ma'aikatan ne suka maimaita samfurin da ya yi da izininsa, kuma kundin zai faɗa maka wanne ya kamata ka gani. Lamba irin 112/500, wato na 112 cikin guda 500, wasu suna da ita wasu babu, rashinta kaɗai baya kashe faranti.

Na biyun bayan shekara biyu ne, a gidan da muke kwashewa, a saman kabad an naɗe shi da tawul, fuska ce mai murmushi. Na kira ɗiyar marigayiyar na ce kar ki bari wannan ya shiga kwali. Awo ya yi daidai, kala ta yi daidai, har rasit ɗin da uwarta ta saya a Madoura muka tarar cikin wata ambulan. Amma da na ƙwanƙwasa shi da yatsa, yadda innata ke yi wa tukunya a kasuwa kafin ta biya, sai na ji ƙarar a dakushe. Dattijuwar ta kashe wuta ta haska shi da tocilar UV, mai hasken da ke tona inda aka yi gyara, sai ga layi daga baki har kusan tsakiya, ashe ya taɓa tsagewa an liƙe an bi da fenti. Na asali ne, amma ta zabge kusan rabin kuɗin da ta fara faɗa.

Wajen kuɗi kuwa mutane na ruɗa kansu da gwanjon da gidan gwanjo na Christie's ya yi a London a 2012, inda aka sayar da kayan Madoura 543 a kan sama da fam miliyan 8. Ai manyan tuluna da aka yi guda 25 su ne ke kai ɗaruruwan dubbai, ƙaramin faranti da aka yi guda 500 ƴan dubbai ne. Ni yanzu lambar A.R. nake bi in ga nawa aka SAYAR da irinsa kwanan nan, ba nawa wani ya rubuta a shafin saye da sayarwa na eBay ba, sannan in cire kamashon gidan gwanjo.

Farantin ya tafi a gwanjon da ya biyo baya, an rubuta gyaran ƙarara a bayaninsa. Ɗiyar marigayiyar ta ba ni Yuro 200 tukuici, da su na sayi ƙaramar tocilar UV da ma'auni, suna cikin aljihun rigar aikina.