Gyaran Saksofon a Zariya da Kunnen da Yusef Lateef Ya Gyara Mini

Sana'ata gyaran kayan busa: saksofon, sarewar Turawa, kilarinet, wani lokaci har da bigila. Shagona yana Sabon Garin Zariya, ni da yarana biyu. Masu kawo mana aiki su ne 'yan badujala, da mabusan coci, da ɗalibai, da masu kiɗan biki. Kowa ya san hannu ake sa wa wannan aiki, amma ni a wurina kunne ne gaba da hannu, kuma kunnena a faya-fayan mutum ɗaya ya nuna, wato Yusef Lateef, mabushin jaz ɗan Amurka.

Maigidan da ya koya mini tsohon ɗan badujalar soja ne, Allah ya jiƙansa. Yana da garmaho da faya-fayai cikin akwatin katako, kuma kafin ya bar ni in taɓa sukundireba sai da ya zaunar da ni na sha sauraro. Yakan sa Eastern Sounds, faifan da Lateef ya ɗauka a 1961 tare da Barry Harris a kan fiyano, ya ce, "Yaro, rabu da gudun yatsu, saurari iskar." A waƙar farko ma ba saksofon Lateef ya busa ba, wata 'yar sarewar yumɓu ce ta China mai siffar ƙwai, kana jin numfashinsa yana shiga yana fita. A wata kuma obo ya ɗauka, abin busar Turawa mai kama da algaita, abin da mabusan jaz ba su cika kusanta ba. Ni da na tashi ina jin algaita a ƙofar fada, sai na ji kamar na san muryar tun da can.

An haifi Lateef a Chattanooga ta jihar Tennessee a 1920, ya girma a Detroit. Sunansa na yanka William Huddleston, ya sauya bayan ya musulunta. A 1949 yana cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie, daga 1957 ya fara fitar da nasa faya-fayan, sannan ya yi busa a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Faifan da na fi sakawa in ina aiki shi ne Live at Pep's, wanda aka ɗauka a Philadelphia a 1964. Saurari yadda yake sauka ƙasa da saksofon tena: sauti mai kauri, a hankali, ba gargada, ba ya tsinkewa. Duk wanda ya san kayan nan ya san ba a samun wannan sai in babu inda iska ke zurarewa ko kaɗan.

Nan ne aikinmu yake. Saksofon yana da ramuka fiye da 20, kowanne da murfinsa, cikin kowane murfi akwai ɗan matashin fata. In ɗaya ya kauce ko da faɗin gashi ne, sautin ƙasa ya tafi. Nakan rufe taga, in zura 'yar fitila cikin bututun, in danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin da yatsan mabushi zai sa, ba fiye ba. Inda haske ya leƙo, nan ɓarakar take. Sai in gasa bayan murfin da ƙaramar wuta har danƙon ya yi laushi, in juya matashin da bakin allura, in jira ya huce, in sake dubawa. A sarewar Turawa fitila ba ta isa, sai in yanki siririyar takardar sigari in sa ƙarƙashin matashin in ja ta gefe huɗu. Dole riƙon ya zo daidai ko'ina. Ba na ba mutum kayansa sai na busa sauti mafi ƙasa a hankali ƙwarai, ya fito ba tare da na matsa ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu aikin sha-yanzu. Mutum zai kai saksofon wurin mai walda a like masa da wutar gyaran salansa, ko a ɗiga masa gam mai kama ƙarfe a kan matashi, sannan ya kawo mini ya ce, "Maigida, ɗan taɓawa kawai za ka yi, a rage mini." Ranka ya daɗe, sai na kankare ɓarnar wancan kafin in soma nawa. Ga kuma jabun kaya masu ƙyalli da suka cika kasuwa, ƙarfensu laushi, ka daidaita maɓalli yau, jibi ya lanƙwashe. Masu kawo mana matashi ma sai ka yi odar fata su aiko da roba mai fenti. Irin wannan ina mayar musu, ba ya shiga kayan abokin cinikina.

Abin da mutane da yawa a garin nan ba su sani ba, Lateef ya zauna a cikinmu. Daga 1981 zuwa 1985 babban mai bincike ne a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mutum mai digirin digirgir daga Jami'ar Massachusetts tun 1975, wanda ya zaga duniya da busa, ya zo yana nazarin sarewar Fulani makiyaya. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, kuma shi da Ziky Kofoworola sun rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa wanda ya fito a 1987. In ɗalibi ya raina sarewar kara a gabana, wannan nake gaya masa. Bayan ya koma Amurka faifansa Little Symphony ya ci kyautar Grammy, ya kafa kamfaninsa na faya-fayai, YAL, a 1992, ya rasu a Disamban 2013 yana da shekara 93. Shi da kansa ba ya son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan yana ƙasƙantar da abin.

Lokacin hunturu ne aiki ke yi mana yawa. Iskar nan tana busar da matashi ya ƙanƙance, toshiyar wuyan saksofon ta tsage, kilarinet na katako kuwa yana iya darewa. Ka goge cikin bututun da ƙyalle duk bayan busa, kada ka bar kayan a bayan mota da rana, kada ka ɗiga man gyaɗa a maɓalli. In ka ji sautin ƙasa ya fara rawa, kawo shi tun matashi ɗaya ne ya motsa, kafin ka saba matse yatsu ka lanƙwasa sauran. Mai tafiya biki ranar Asabar ya kawo tun Litinin, don danƙo yana son ya kwana kafin in sake gwadawa.