Takardar Juma'a: wasiƙa daga Ingila zuwa ga malaman firamare da iyayen yara a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai, shugabannin makarantu da iyayen yara, muna gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, yara ma suna lafiya. Mu 'yan uwanku ne da ke koyarwa a makarantun firamare a nan Ingila. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido: wata 'yar takarda, shafi ɗaya ko biyu, da makarantu da yawa ke aika wa iyaye duk ranar Juma'a, tana faɗa musu abin da 'ya'yansu suka yi a aji a wannan mako da abin da ke tafe. Da a jakar littafin yaro ake cusa ta, yanzu galibi ta imel take zuwa ko ta manhajar waya irin su ClassDojo. Ba doka ce ta tilasta ta ba, al'ada ce ta kama. Wadda aka yi da lura tana rage wa malami surutun bakin ƙofa, wadda aka yi da ka kuwa a kwandon shara take kwana.

Abin da iyaye ke fara nema a cikinta shi ne ranaku. Shekarar karatu a nan tana farawa ne a farkon Satumba ta ƙare a ƙarshen Yuli, zango uku, kowanne da hutun mako guda a tsakiyarsa. A makarantun hukuma yara na zuwa kwana 190, malamai 195, domin akwai kwana biyar na horar da malamai da yara ke zama a gida, kuma ba rana ɗaya duk makarantu ke sa su ba. Uwar da ke aiki in ba ta sani da wuri ba, ta shiga uku. Shi ya sa ake ware wa ranaku akwati guda a wuri ɗaya kowane mako, kuma a rubuta sunan rana tare da kwanan wata, kamar "Talata 14 ga wata, ƙarfe 9 na safe". Kuskuren da ya fi yawa a nan daga kwafo takardar bara yake zuwa: kwanan wata ya tsaya, rana ta matsa, sai rabin iyaye su zo Talata, rabi Laraba. Maganinsa mutum na biyu ya zauna da kalanda ya bi ranakun ɗaya bayan ɗaya kafin a fitar.

Tsarin haɗa ta ba shi da wuya. Kowane malamin aji ya miƙa nasa sakin layi kafin tashi ranar Laraba, kalma 60 zuwa 80, da hoto ɗaya. Ofis ya jera ranar Alhamis, shugaban makaranta ya karanta ya gyara, Juma'a ta fita. Wanda bai kawo ba a bar gurbinsa a haka, kada a jira shi. Ganin wajen ajinsa fayau sau ɗaya ya ishe shi wa'azi.

Inda aikin yake shi ne wannan sakin layi na aji. A ɗauki misalin da kusan duk mai koyar da ƙananan azuzuwa a nan ya sani: babbar gobarar Landan ta shekarar 1666, wadda ta tashi ranar 2 ga Satumba a shagon wani mai gasa burodi a layin Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje sama da 13,000. Yara 'yan shekara shida zuwa bakwai sukan gina gidajen wancan zamani da kwalayen abincin karin kumallo, su shafa farin fenti, su manna baƙar takarda a matsayin katako. Wasu makarantu ma har cinna wa unguwar kwalin wuta suke yi a fili, 'yan kwana-kwana na tsaye. To malami ɗaya zai rubuta: "Aji biyu sun ji daɗin darasin tarihi a wannan mako, sun yi ƙoƙari sosai." Wannan ba ta ce komai ba, ana iya sa ta ƙarƙashin kowane aji a kowane mako. Wani kuma zai rubuta: "Aji biyu sun gama gina unguwar Landan ta 1666 da kwalaye, gida 28. Sun jera su manne da juna, sun gane dalilin da wutar ta yi gudu. Ku tambayi yaronku: a shagon wa wutar ta tashi, kuma me ya sa ruwan guga bai kashe ta ba? Ranar Alhamis ƙarfe 3 ƙofar aji a buɗe take, ku shigo ku gani."

Ku lura da tambayar da ke tsakiya, ita ce zuciyar takardar duka. Uba in ya ce wa yaro "me kuka yi a makaranta yau?", amsar "ba komai" ce, a Landan da Zinder duk ɗaya. Amma in ya ce "a shagon wa wutar ta tashi?", baki ya buɗe ke nan, sai an ce masa ya isa. Sai dai a sa amsar a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe: gidajen katako ne a cunkushe, an yi rani mai tsawo, ga iska mai ƙarfi. Ba a so uba ya ji kunya a gaban ɗansa.

Wani abu da zai ba ku mamaki: manhajar karatun Ingila da aka fara aiki da ita a 2014 ta sa azuzuwa uku zuwa shida su yi nazarin wata al'umma da ba ta Turai ba, kuma cikin zaɓin akwai Bagadaza ta wajen shekara ta 900 da masarautar Benin, wadda ke jihar Edo a yau. Sai ka ga a takardar Juma'a yara sun kwaikwayi allunan tagullar Benin da yumɓu, irin waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. In yaro a Leeds zai mulmula Oba, wato sarkin Benin, da yumɓu, ba mu ga abin da zai hana ɗan aji huɗu a gida gina ganuwar Kano da ƙofofinta, ko hasumiyar Gobarau, ko masallacin Agadas ba.

Roƙon kayan aiki shi ne wurin da takarda ta fi tuntuɓe. "A turo yara da kwalaye" ba magana ba ce. Wani zai zo da kwalin firji, wani da na ashana, da yawa hannu rabbana. A faɗi adadi, da girma, da rana: kwali ɗaya, kada ya wuce tsawon littafin rubutu, a tsabtace, a kawo kafin Litinin ta sama. A ba da mako biyu, a maimaita a takarda ta gaba. A faɗi abin da ba a so: kwalba mai fashewa, gwangwani mai kaifin baki, mazubin magani. A nan ana ƙara da duk abin da gyaɗa ta taɓa, saboda akwai yaran da take iya toshe wa numfashi. Kuma malami ya tanadi nasa na ko-ta-kwana kamar guda biyar, don ba a rasa gidan da saƙon bai isa ba, yaron kuma ba shi da laifi. In aikin na gida ne, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa hannun yaro ake son gani. In ba haka ba, uba zai kai wa kafinta, a kawo mota mai sheƙi da yaron bai ma taɓa ba.

Hoto da suna akwai ƙa'ida. Tun ranar ɗaukar yaro ake ba iyaye takardar izini, ofis ya riƙe jerin waɗanda ba a yarda a sa hotonsu ba, a duba shi kafin kowace fitowa. Ba a haɗa fuska da cikakken suna, domin akwai yaran da aka ɓoye wa wani inda suke. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki hannuwa da aikin, a bar fuska. A gida ma magidanta da yawa ba za su so hoton 'yarsu yana yawo a wayoyin mutane ba, kuma Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. A tambaya tukuna.

Kuɗi ma haka. A dokar nan makarantar hukuma ba ta da ikon tilasta biyan kuɗin fita yawon ilimi da aka yi a lokacin karatu. Gudummawa take roƙa, kuma ba a barin yaro a baya don iyayensa ba su bayar ba. Ba a taɓa jera sunayen waɗanda ba su biya ba. Zuwa makaranta ma na aji ake bugawa dunƙule, ba na yaro ɗaya-ɗaya ba. Takardar da ta zama ta bin bashi, yara da kansu za su riƙa yar da ita a hanya.

Jarrabawa kuwa a bayyana siffarta, ban da tsoratarwa. A watan Yuni 'yan aji ɗaya na karanta kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a ga ko yaro na haɗa baƙi da wasali ne ko haddace siffar kalma ya yi. 'Yan aji huɗu kuma tambaya 25 ta lissafin sau, har 12 sau 12, daƙiƙa shida kowace. Uwar da aka faɗa wa haka ta san abin da za ta yi da minti biyar bayan cin abinci.

To ya za a yi a gida, inda aji ɗaya ke iya ɗaukar yara tamanin, ga ba wuta, ga tsadar takarda? Duk mako ba zai ɗore ba. Sau ɗaya a wata, uku a zango, ya wadatar, azuzuwa su riƙa karɓa-karɓa. A rubuta da Hausa, da gajerun jimloli, domin a gidaje da yawa yaron ne zai karanta wa uwarsa da baki. Inda iyaye suka fi sabawa da ajami, a sa ranaku da roƙon kaya da shi a baya. A buga kwafi biyu a kan takardar A4 guda a raba tsakiya, a ba babban yaro na kowane gida. A ce makaranta na da gida 400: takarda 200 ke nan kowace fitowa, 1,800 a fitowa tara na shekara, bai cika rim huɗu ba. Wannan lissafi ne da za a iya ajiyewa gaban PTA ko kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ko COGES a Nijar, a tashi da amsa. Hoto a injin fotokwafi baƙi ƙirin yake fitowa, gara zanen yaro da baƙin biro; fensir ba ya fita. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe su koma akwatuna in an buɗe rubutun a wata kwamfuta, don haka a mayar da shi PDF kafin a kai shagon bugawa. A manna kwafi ɗaya a bakin ƙofar makaranta.

WhatsApp na taimakawa, da sharaɗi. A tura takardar a matsayin hoto, tare da saƙon murya da bai wuce minti biyu ba. A kulle zauren yadda masu kula kaɗai ke iya turawa, in ba haka ba sanarwar za ta nutse cikin tallan atamfa da gardamar siyasa. A tuna zaure na nuna lambar kowa ga kowa, kuma sau da yawa wayar na aljihun maigida a kasuwa, alhali uwa ce ke shirya yaro da safe. Saboda haka waya ƙari ce a kan takarda, ba madadinta ba.

Ayyukan hannu da za a ba da labarinsu ba sai an sayi komai ba, amma kowanne da inda yake ɓaci. Shukar wake: a yanke robar ruwa mai garai-garai, a jera auduga mai laima, a sa ƙwaya uku da aka jiƙa kwana ɗaya, tunda wata ƙwari sun huda ta. In an fara Litinin, kafin Juma'a saiwa ta leƙo. Da hunturu takan ɗan yi jinkiri. Ruwa in ya kwanta a ƙasa waken ruɓewa zai yi, laima kawai ake so. A ajiye roba ɗaya a cikin duhu, tsironta zai yi tsawo ya yi fari fat, a sanar da iyaye cewa da gangan ne. Abu mafi muhimmanci da takardar za ta faɗa: waken dafawa za a turo, ban da irin shuka mai jan magani, guba ne a hannun yaro.

Yumɓu kuma kaurinsa kada ya wuce yatsa, a cuɗa shi da ɗan yashi ko ƙaiƙayi, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a shanya a inuwa a rufe da tsumma kusan mako guda. Wanda aka baza a rana, ko iskar hunturu ta buga kai tsaye, tsagewa yake yi domin bayansa ya bushe cikinsa na ɗanye. Abin manna kwali kuwa sitacin rogo ya isa: babban cokali ɗaya a kofin ruwa, a dama da ruwan sanyi tukuna, sannan a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya washe. A yi na ranar kawai, don da zafi kwana biyu yake tsami, kuma a rataye aikin sama, ɓera da kyankyaso na son sa.

Sakin layin shugaban makaranta kada ya wuce layi biyar. Jawabi na ranar taro ne. Kada kuma a ɗora aikin a kan malami ɗaya mai kwamfuta, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki takardar ta bi shi. A sa mutum biyu, a ajiye kwafin kowace fitowa a fayil ɗaya a ofis, da lamba da kwanan wata, yadda wanda ya gaje su zai buɗe ya ga inda aka tsaya.

A gaida mutanen gida, a shafa mana kan yara.

Wassalam,
'Yan uwanku malamai, daga Ingila.