Neman wurin kwana kafin a hau lilo

Asabar, Birnin Kebbi

Yau ban leƙa fadama ba, ɗaurin auren Kalgo ma uzuri na aika. Tun da na dawo daga masallaci da asuba na baje a tabarma da biro da tsohon littafin lissafin babban ɗana, ina neman inda mutum bakwai za su riƙa sa haƙarƙarinsu daga nan har Abuja da dawowa, ba tare da na taɓa buhunan shinkafar da na ware don kuɗin makaranta ba.

Alkawari na yi wa yara cewa in an ba da hutun Disamba za mu zaga wuraren wasa. Su dai Argungu suka sani, sun ga Matan Fada, sun shiga gidan tarihin Kanta har sun haddace abin da ke ciki. Wannan karon Kano za mu fara, su ga gidan zu na Audu Bako, su hau lilo. Daga nan Kaduna, Ƙofar Gamji a bakin kogi. Sai Abuja, Magic Land, wanda a da ake kira Wonderland, can kusa da babban filin wasa na ƙasa, da kuma Millennium Park a Maitama. Dawowa ta Minna, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, gida.

Kuɗin shiga wuraren bai tsorata ni ba. Mai ma na san lissafinsa, ko da yake tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ban ƙara tsayawa gidan mai da sakin fuska ba. Kwana shi ne ramin da ke cin kuɗi ba a ji. Ni da uwargida, yara huɗu, da ƙanwarta da ke zaune wurinmu. Babban yaron ya kai sha huɗu, ba zai kwana ɗaki ɗaya da 'yan mata ba, don haka duk inda muka sauka ɗaki biyu ne. Duk farashin da aka faɗa mini sai na ninka shi kafin in rubuta.

Da hantsi na tafi tasha. Ban yarda da taswirar waya ita kaɗai ba, ita kilomita take ƙirgawa, ba ta san shingen jami'an tsaro ba, ba ta san ramuka ba, balle yaron da zai ce fitsari yake ji ana fita gari. Na sami wani dattijon direba da ke bin layin Kano yana shan shayi, na gaishe shi, na karanta masa tsarina: mu tashi da asuba ta Argungu, mu ratsa Sakkwato da Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa, mu kwana Kano. Ya ajiye kofi ya dube ni.

"Yallaɓai, da ƙanana? Wagga tahiya ba kai ka zaɓen wurin kwana ba, rana ka zaɓa maka. In la'asar ta ishe ka Gusau, to kwana Gusau. Kada ka ce bari in ƙara kaɗan."

Na ce, "Baba, ai kwana ɗaya ke nan ya ƙaru a lissafina."

"Awo, ya ƙaru. Biya shi."

Ban ƙara musu ba. Daga nan zuwa Kano ba ta gaza kilomita 650 ba, kuma kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki a shekarun nan. Ga hunturu, rana na saurin faɗuwa, hazo na rage gani. Gusau ta faɗo kusan tsakiyar tafiyar. In mun kwana can, sai mu ratsa Tsafe da Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo da rana tsaka, cikin sauran motoci. Abin da na ɗauka kwanan ɓarna ne ya zama shi ne na farko da ba za a taɓa ba.

Gusau ba ta ba ni wahala ba. Ina da abokin da muka yi makaranta tare, yana aiki can. Ya so mu sauka gidansa, amma na san gidan, ciki biyu ne da falo, ga nasa iyalin. Na ce ya dai ara mini idonsa. Kafin azahar ya hau babur ya je wani ƙaramin masauki da baƙinsa ke sauka, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya buɗe famfo na ga ruwa na zuba, ya ɗaga zanen gado, ya nuna mini katanga da ƙofar ƙarfe da inda mota za ta kwana. Ba wani ado, fanka ce da gado da buta. Na ce a riƙe mana biyu.

Kano kuwa ba ni na yanke ba. Na kira Goggo, ƙanwar mahaifina da ke Gandun Albasa, don kawai in ce za mu biyo mu gaishe ta. Ta tambayi inda za mu sauka, na fara kame-kame.

"Au, ashe ka yi kuɗin da za ka shigo Kano ka kwana otal ina raye? To madalla. Allah ya jiƙan yayana, da bai yi haka ba."

"Goggo, ba haka ba ne, mu bakwai ne fa."

"Ko ku saba'in ne."

Magana ta ƙare. Mata za su kwana ɗakinta, ni da samarin mu kwana shagon ɗanta a zaure. Gidan kuma ba nisa da titin gidan zu, ko mota ba sai mun tayar ba, a-daidaita-sahu ya isa.

Sai dai masu cewa gidan dangi kyauta ne ba su taɓa zama sun yi lissafi ba. Uwargida ta jawo littafin ta rubuta da hannunta: rabin buhun shinkafa, bandar kifin Yawuri, kwandon albasar Aliero, turmin atamfa na Goggo, da abin da za ta danƙa wa matar ɗan Goggo a ɓoye don cefane, saboda ba za mu jibge wa mutane baki bakwai a wannan tsadar ba. Ga 'yan canjin da ake raba wa jikoki ranar sallama. Da muka tara, kaɗan ya rage ya kamo kuɗin ɗaki biyu a masauki mai sauƙi. Duk da haka ban ji ciwonsa ba. Kuɗin otal in ya fita ya fita ke nan, wannan kuwa cikin gida ya zagaya, kuma yarana za su san ƙanwar kakansu ba a waya kaɗai ba. Abin da na ƙi shi ne a maimaita haka a kowane gari. A Kaduna ma akwai ɗan'uwa, amma wanda ba mu gaisa ba tun bikin ƙanwarsa, in kira shi yau don ina neman ɗaki? Kunya ba za ta bar ni ba, kuma shi ma zai gane.

Don haka bayan azahar na shiga intanet neman masauki a Kaduna, nan ne rana ta tafi. Hotuna kam kowa ya iya ɗauka. Wani shafi a Facebook ya sa ɗaki kamar na amarya, farashi ƙasa da rabin na maƙwabtansa. Na kira, wanda ya ɗauka ya ce ɗakuna sun kusa ƙarewa, in tura rabin kuɗi yanzu kafin alƙalami. Lambar asusun da ya turo sunan mutum ce, ba sunan masaukin ba. Na ce ya nuna mini ɗakin ta bidiyo, ya ce manaja ya fita da makulli. Na ce to in manaja ya dawo. Har yanzu bai dawo ba.

Sauran da na kira tambayoyina ɗaya ne, har uwargida ta fara riga ni faɗa daga kicin. In an ɗauke wuta ƙarfe nawa ake tayar da janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, ko sola ce? Ruwan rijiyar burtsatse ne ko sai an saya wurin 'yan garuwa? Mota cikin gida take kwana, akwai maigadi? Za a ƙara mana katifa a ƙasa, kuma da kuɗi ko babu? Akwai mashaya ko ɗakin biki a harabar? Wannan ta ƙarshe ita ce ke kayar da yawancin masu araha. Ɗakin yana da sauƙi ne saboda ba da kwana suke cin riba ba, kiɗa ake yi har tsakar dare, kuma ba irin wurin da mutum zai bi da 'ya'yansa mata ta tsakar gida ba ne.

Wani abokin aikina ne ya tuna mini da gidajen baƙi na makarantu da na ƙungiyoyin ma'aikata. Ba su cika talla ba, sai wanda ya sani. Ya ba ni lambar wani a Kaduna da yake sauka in ya je taro. Dattijuwar da ta ɗauka ba ta yi mini daɗin baki ba ko kaɗan. Ta ce gini tsoho ne, talabijin ɗin ɗaki ɗaya ba ya yi, esi babu, amma akwai ruwa, akwai tsaro, ana rufe ƙofa ƙarfe goma, katifar ƙari kyauta. Wanda ya fara da faɗa maka aibin kayansa ya fi kwanta mini. Esi kuwa me zan yi da shi a Disamba? Dalilin da ya sa na zaɓi hutun hunturu ke nan, ban jira na bazara ba: ɗakin fanka ya wadatar, kuma tazarar kuɗinsa da mai esi ba kaɗan ba ce. Ruwan zafi na wanka na tambaya, ta ce akwai hita ta bokiti. Ba ta nemi ko sisi ba, ta ce in kira ana gobe za mu iso.

Na gaya wa yara cewa a Ƙofar Gamji akwai wata gadar ƙarfe ta ƙafa da aka gina a Zungeru a 1904 zamanin Lugga, aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954, kuma a hanyar dawowa za mu bi ta Zungerun. Auta ta tambaya ko gadar tana juyawa. Da na ce a'a, ta koma wasanta.

Abuja ce ta sa na cire hula. Na kira wurare a Wuse da Garki, kuɗin ɗaki guda na dare ɗaya ya haura na Gusau da na Kaduna a haɗe. Maitama ban ma gwada ba. Kowa na cewa a sauka Suleja, can ne araha, kuma yara za su ga dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100. Gaskiya ne akwai sauƙi. Amma kullum safiya sai ka bi sahun ma'aikatan da ke shiga birni ta Zuba da Kubwa, da yamma ka biyo su fitowa, da yaran da suka gaji suna kuka a baya. Abin da ka rage a ɗaki ka ƙona shi a tanki. Mararaba da Nyanya kuwa, duk wanda ya taɓa shiga cunkoson hanyar nan ba sai an ba shi labari ba. Babban yaron ya kawo shawarar mu bar mota a Kaduna mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a 2016. Na ji daɗin tunanin, amma tikiti bakwai, da tasi biyu duk inda za mu je, sannan mu koma Kaduna ɗaukar mota alhali hanyar gida ta Minna ce. Na ce ya bari sai wani jiƙon.

Lugbe na fi karkata. Tana kan titin filin jirgin sama, shi ne kuma titin da ke shigowa ta ƙofar birni, inda Magic Land yake. In mun bari ma'aikata suka wuce, da hantsi za mu isa ba wahala. A can na sami irin gidajen nan da ake bayarwa haya na kwanaki, ciki biyu da falo da kicin. Da na ji kuɗin na ce ya yi yawa, don ya ɗan haura na ɗaki biyu a ƙaramin otal na unguwar. Uwargida ta ce, "Abban yara, ka sa kuɗin abinci a lissafin nan kuwa? Baki bakwai, sau uku a rana, a Abuja?" Ban sa ba. Ta ce in dai akwai kicin da tukunyar gas, shinkafarmu ce, manmu ne, yajinmu ne, ta dafa da safe ta zuba a kula mu tafi da shi. Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, fili ne mai ciyawa da inuwa, tabarma kawai za a shimfiɗa a ci. Da ta gama na sake tarawa, gidan ya zama shi ne mai araha.

Yana da nasa ƙugiyoyin. Matar da ke kula da gidan ta ce akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, sai an duba gida ranar fita a mayar. Da yara huɗu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, zan ɗauki hoton komai ranar shiga, har remot. Na tambayi wa ke sayen katin mita in wuta ta ƙare, ta ce su ne. Na ce ta rubuto mini haka a saƙo. Ta kuma ce in mun zo tsakiyar mako kafin Kirsimeti za ta rage, daga ranar 24 zuwa sabuwar shekara kuwa ba ragi, ga wuraren wasa cike maƙil, yaro sai ya yi layi mai tsawo kafin ya hau ƙananan motocin nan masu karo da juna. Wannan ya daidaita mana ranar tashi: washegarin ba da hutu, ba jinkiri.

Bayan isha'i na tara duka. Ya haura abin da na ware, ba da yawa ba, amma ya haura, kuma ban sa kwanan dawowa ba. Dangin uwargida suna Yawuri, in mun kai can babu matsala, sai dai daga Abuja zuwa Yawuri a yini ɗaya da halin hanyar Tegina zuwa Kontagora, ban ga alama ba. Ita ta ce a rage dare ɗaya a Abuja, a haɗa Magic Land da Millennium Park rana guda. Ni na fi son a rage na Kaduna. Ba mu daidaita ba, yara kuma ba a gaya musu ba tukuna.

Gobe bayan azahar zan koma tasha in nemi direbobin layin Kontagora, in ji inda su ke kwana da kuma ƙarfe nawa suke barin Minna. Litinin mota za ta je wurin bakanike, tayoyin baya biyu sun suɗe.