Daren da muka dawo daga Ɗan Marna

Ranar Laraba bayan azahar muka kai gawar kawuna maƙabartar Ɗan Marna. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, ina jera itace ana miƙo min kwaɓaɓɓiyar ƙasa ina toshe kafofi, wallahi har na dawo gida ƙasar nan tana cikin farcena. Da dare barci ya ƙi zuwa, sai karatun falsafar da muka ɗan taɓa a jami'a ya riƙa dawo min.

Akwai Epikurus, mutumin Girka da ya koyar a wani lambu a Atina, ya mutu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi cewa ya yi mutuwa ba abin tsoro ba ce, muddin kana nan ba ta zo ba, in kuma ta zo kai ba ka nan, don a ganinsa rai ma ƙwayoyin zarra ne da ke watsewa, babu tambaya babu hisabi. To ni musulmi ne, nan muka raba hanya. Kuma ko an ajiye wannan gefe, ai mai tafiya kawai ya lallasa, me ya tanadar wa Inna da ta shiga takaba da yara biyar a gabanta?

Wanda ya zauna min a rai shi ne Epiktetus. Bawa ne fa a Rum, gurgu, daga baya aka 'yanta shi, da sarkin Rum Domishiyan ya kori masu falsafa sai shi Epiktetus ya koma garin Nikopolis a ƙasar Girka ya buɗe makaranta. Yakan ce wa ɗalibansa kar ka ce na rasa abu, ka ce na mayar, ɗanka ne ko matarka ko gonarka, ka riƙe su yadda matafiyi ke riƙe masauki. Mutumin da shi kansa an taɓa mallakarsa, ya san zafin abin da yake faɗa. Sai dai ya tsaya a haƙuri, bai yi maka alƙawarin sake haɗuwa ba, ni kuma wannan haɗuwar ce ta riƙe ni a bakin kabarin nan.

Da safe na shiga gaida Inna, tana kan tabarma da carbi, na ce Inna ya haƙuri. Ta ce da godiya, aro aka ba mu, Mai shi ya karɓi abinsa. Sai ta miƙo min rediyon kawu ta ce in sa mata batir, ƙananan sun saba jin labarai da safe.